Masu jinya ke kwana kan mai sanƙarau

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Atantane, kun san sanƙarau. Yakan zo daga hunturu har bazara. A shekarar 1995 ya kama mutum fiye da 40.000 a Nijar. Ciwo ne mai kama rigar ƙwaƙwalwa. Yana kawo zazzaɓi da ciwon kai, wuya ya sanƙare, wani ma ya suma.

In an kai maras lafiya asibitin Mayahi, ko Tasawa, ko Maraɗi, likita zai duba shi, ya rubuta magani. Amma wa ke kwana kansa? Masu jinya ne. Su ke yi masa allura kan lokaci. Su ke haska idonsa da tocila, su lura da numfashinsa. Suna kwantar da shi kan gefe, don kada amai ya shaƙe shi. Suna juya shi, don kada bayansa ya yi gyambo.

Saboda haka mu ji maganarsu. Kada mu ɗura wa sumamme ruwa ko kunu a ɓoye, yana iya shiga huhunsa. Kuma in wuya ya sanƙare, a tafi asibiti ran nan.