Jinkirin Amsar Addu'a

A ƙasar Hausa babu jiran da ya kai na ruwan sama ɗaci. Manomi ya yi shuka da ruwan farko, gero ya tsiro ya yi ganye uku ko huɗu, sai sama ta ɗauke. Mako guda ya wuce, na biyu ya bi shi. Hadari ya haɗo da la'asar ya yi baƙi ƙirin a gabas, iska ta taso ta watsa shi. Ganyen gero ya fara nannaɗewa, kuɗin tiya ya fara hawa a kasuwa, dattawa su shiga tuna wa yara da farin 1973 da na 1984, lokacin da shanu suka yi ta faɗuwa tun daga Damagaram har Sakkwato. A irin wannan hali ne sarki ko limamin gari kan sa a yi shela cewa gobe da hantsi a fita filin idi roƙon ruwa.

Wanda ya taɓa halartar wannan salla ya san ba ta yi kama da ta idi ba, ko da yake fili ɗaya ake yi. Ba ado, ba turare, ba hawan doki. Mutane kan fito cikin tufafin aiki, kai a sunkuye, bayan an hore su da su tuba, su yi sadaka, su mayar da haƙƙin da suka danne. Ba kiran salla, ba iƙama. Liman ya yi raka'a biyu da karatu a bayyane, ya yi huɗuba cike da istigfari, sannan ya fuskanci alƙibla ya juya mayafinsa, ɓangaren da ke kafaɗar dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama. Maza su yi yadda ya yi suna zaune, da fatan Allah ya juya musu halin da suke ciki. Haka Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya tsara ta a Risala, littafin da ɗaliban zaure suka daɗe suna karantawa a ƙasar nan.

Akwai wani hukunci a cikin wannan babi da ya cancanci a tsaya a kansa. Malaman Malikiyya, ciki har da Shaihu Halil a Muhtasar, sun ce idan ruwa ya yi jinkiri sai a sake fita, a maimaita sallar a wata ranar. Ma'ana, tun kafin a fita filin, shari'a ta riga ta san ana iya yin salla a watse rana na ƙwallewa, kuma ba ta ɗauki hakan a matsayin an yi asarar tafiya ba. Ta ce a dawo.

Malamai sun gina bayaninsu na jinkirin amsar addu'a a kan hadisai sanannu. A cikin wanda Imamu Ahmad ya ruwaito daga Abu Sa'id Alkhudri, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa addu'ar da babu saɓo ko yanke zumunci a cikinta ba ta faɗuwa ƙasa banza. Ko dai a ba mutum abin da ya roƙa nan kusa, ko a ajiye masa ladanta sai lahira, ko a tunkuɗe masa wata masifa daidai da ita. Biyu daga cikin ukun nan ido ba ya ganinsu. Mutum ba ya sanin haɗarin motar da bai yi ba, ko cutar da ta wuce gidansa ba ta shiga ba. Shi ya sa lissafin da bawa yake yi na amsa da rashin amsa kullum a gurguje yake, domin kaso ɗaya kawai yake iya ƙirgawa.

Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abu Huraira cewa ana amsa wa mutum muddin bai yi gaggawa ba. Gaggawar da ake nufi ita ce ya ce ya roƙa ya roƙa bai ga komai ba, daga nan ya gaji ya daina. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan hijira, ya kwatanta mai irin wannan hali da wanda ya yi shuka, ya yi ta ban ruwa, da ya ga ta daɗe ba ta nuna ba sai ya juya mata baya. Neman a yi sauri ba laifi ba ne. An taɓa yi: wani balaraben ƙauye ya shigo masallacin Madina ranar Juma'a ana cikin huɗuba, ya koka da fari, Annabi (SAW) ya ɗaga hannu, kafin ya sauko daga mumbari ruwa ya sauka, aka yi ta yi har Juma'a ta zagayo. Amma shi wannan Annabin da aka amsa wa nan take, shi ne ya yi wata 16 ko 17 a Madina yana salla yana fuskantar Baitul Maƙdis, zuciyarsa na son Ka'aba, kafin a juya alƙibla. Shi ne kuma, kamar yadda Muslim ya ruwaito, ya roƙa wa al'ummarsa abu uku aka ba shi biyu, aka hana shi na ukun, wato kada su yaƙi junansu.

Tarihin annabawa cike yake da jira. Annabi Zakariyya (AS) sai da kansa ya yi fari fat da furfura, ƙashinsa ya yi rauni, matarsa kuma ba ta taɓa haihuwa ba, sannan aka yi masa bushara da Yahaya. Annabi Yaƙuba (AS) ya yi kukan rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari. Wannan ƙissa tana da muhimmanci ga masu zaton haƙuri shi ne mutum ya danne hawaye, domin Alƙur'ani bai zargi Yaƙuba da kukan ba. Abin da ya bambanta shi shi ne ya kai kukansa ga Allah, bai yanke ƙauna ba, kuma ya tura 'ya'yansa su koma Masar su yi cigiya. Annabi Ibrahim (AS) ya roƙi a aiko manzo daga cikin zuriyarsa a Makka, amsar ta zo bayan ƙarnuka masu yawa, shi kansa bai gani ba. Hausawa Kirista ma suna da irin wannan darasi a Littafi Mai Tsarki, inda aka nuna Ibrahim yana da shekara 75 da aka kira shi aka yi masa alkawarin zuriya, yana da 100 aka haifi Ishaku.

Malamai sun kuma ambaci abubuwan da ke toshe addu'a, babbansu cin haram. Muslim ya ruwaito labarin matafiyin da ya yi buɗu-buɗu da ƙura, yana ɗaga hannu sama, alhali cinsa da shansa da suturarsa duk na haram ne. Wannan gargaɗi ne da ya kamata ya tsorata ɗan kasuwa mai tauye mudu da ma'aikaci mai cin hanci. Sai dai an yi shi ne domin kowa ya binciki kansa. Abin takaici, mun mayar da shi sandar dukan wasu. Da an ga wani ya daɗe cikin jarrabawa sai a fara raɗa, wai ai akwai abin da ya yi. Da jinkiri hujjar zunubi ne, da ba a jarrabi Annabi Ayuba (AS) da doguwar jinya ba.

Yadda ake jira kuwa, babu wanda ya nuna shi a aikace kamar Halifa Umar ɗan Haɗɗabi. A shekara ta 18 bayan hijira fari ya afka wa Hijaz, ƙasa ta bushe ta koma kalar toka, har aka sa wa shekarar suna Shekarar Toka. Mutanen karkara suka kwararo Madina da yunwa. Umar ya haramta wa kansa man shanu, ya koma cin gurasa da man zaitun har launin fatarsa ya sauya. Ya rubuta wa gwamnoninsa, aka turo ayarin abinci daga Sham. Ya sa aka kafa tukwane ana ciyar da jama'a, shi da kansa yana duba rabon. Ya jinkirta karɓar zakka a wannan shekara, ya dakatar da yanke hannun wanda yunwa ta sa ya yi sata. Cikin duk wannan ne ya fita da mutane roƙon ruwa, ya gabatar da Abbas, baffan Annabi (SAW), ya yi addu'a, Allah kuma ya shayar da su. Shugaban da zai tura talakawa filin idi alhali rumbun gwamnati a kulle yake, madatsar ruwa ta cika da yashi, taki bai iso ba sai bayan damina, bai bi sawun Umar ba, ko da ya juya mayafi sau goma.

Haka abin yake a cikin gida. Dubi matar da ta shekara biyar da aure ba ta samu haihuwa ba. Kowane suna aka yi a dangi sai ta je da zanen goyo da sabulu, ta dawo ta shige ɗaki. Uwar miji ta fara shaguɓe, 'yan uwan miji su fara zancen ƙarin aure a gabanta, wani ma ya kira ta juya. Da asuba tana kan sallaya tana kuka. Ba jinkirin ne kaɗai ke cinta ba, gorin mutane ya fi shi ciwo, kuma gorin ne ke tura mata da yawa wurin boka, wanda zai nemi baƙin bunsuru da kuɗi masu kauri, ya yi alkawarin ciki kafin watan gobe. Duk wanda ya yanka wa Allah rana maƙaryaci ne, ko da rawani ya naɗa. A wurin boka dukiya ke tafiya, wani lokaci mutunci, wani lokaci imani gaba ɗaya.

Alhali akwai ƙofar da ba a ƙwanƙwasa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya a duniya kan gamu da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Likitoci na ba da shawarar ma'aurata su je a duba su idan an shekara guda ana tare babu ciki, kuma su je su biyu, domin sau da yawa matsalar daga namiji take. Gwajin namiji ya fi na mace sauƙi da araha, amma shi ne aka fi gudu. Mijin da ya ce a bar wa Allah, ya ƙi zuwa asibiti, ya bar matarsa tana shan sassaƙe da gori ita kaɗai, ya sa wa girman kansa sunan tawakkali ne kawai. Neman magani umarni ne na Annabi (SAW), ba ya rage wa addu'a komai.

Saboda haka mai karatu, idan akwai mai jira a gidanku ko a maƙwabta, ko haihuwa ce, ko miji, ko aiki bayan an gama karatu, ko lafiyar da ta ƙi samuwa, ka daina tambayarsa "har yanzu shiru?" a gaban jama'a. Ka raka shi asibiti, ka kai takardunsa inda kake da hanya, ka sa shi cikin addu'arka ba tare da ya sani ba. In ka ji bakinka na ƙaiƙayin yi masa wa'azin haƙuri, ka fara tambayarsa ko ya ci abinci.