Kukan Akori-Kura: Yadda Bakanike Ke Gano Ciwon Motar Da Aka Ɗaga

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi ta isa Dutsin-Ma, musamman da kaka, ba zai rasa ganin akori-kura ba, tana jigilar buhunan gero da dawa daga ƙauyuka zuwa kasuwa. A da Peugeot 404 da 504 ne suka riƙe wannan aiki, tun ma bayan da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. Daga baya Toyota Hilux ta shigo. Da yake lodi kan wuce ƙima, hanyoyin ƙauye kuma ga yashi ga kwazazzabai, masu motar kan je gareji a ƙara musu ganyen sifirin. Shi ya sa in ba kaya a kan ga ƙugunta a ɗage, sai ka ce raƙumi zai miƙe. Bayan 'yan kwanaki kuma sai motar ta soma rawar jiki da wani kuka da ba a san ta da shi ba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilin haka, da yadda ƙwararren bakanike ke bin sawun kukan.

Ƙarfin inji yana bi ta giyabos ne ya shiga furofela, watau dogon bututun nan da ke juyawa a ƙarƙashin mota, shi kuma ya miƙa wa aksil, aksil ya juya tayoyin baya. A kowane ƙarshe na furofela akwai gaɓa wadda kanikawa ke kira kuros, saboda siffarta ta gicciye. A ƙasashen Turai akan danganta ta da Cardano mutumin Italiya da Robert Hooke na Ingila. Wannan gaɓa tana da wata ɗabi'a: muddin ta lanƙwasa, to, ba ta miƙa juyi daidai, a kowane zagaye guda sai ta yi sauri sau biyu, ta yi sanyi sau biyu. Dabarar masu ƙera mota ita ce su sa gaɓa biyu masu lanƙwasa iri ɗaya, ta baya ta goge abin da ta gaba ta ɓata. Galibi ana son lanƙwasar kada ta zarce digiri 3, bambancin da ke tsakaninsu kuma kada ya kai digiri 1. To, da zarar an ɗaga mota, aksil ya yi nesa da giyabos, wannan daidaito ya rushe ke nan.

Abin da ya bambanta bakanike da ɗan koyo shi ne, ɗan koyo sifana yake fara ɗauka, shi kuwa bakanike tambaya yake fara yi: yaushe take kukan? Idan mota tana tsaye, aka taka totur, rawar ta zo, to, laifin inji ne ko robobin da yake zaune a kansu, furofela bai ma motsa ba. Idan kuwa sai tana tafiya, sai a kai ta gudun da take rawar, a cire giya a bar ta a firi. In rawar ta ci gaba, an wanke inji.

Daga nan sai aikin kunne. Furofela yakan juya wajen sau 4 kafin taya ta juya sau 1, don haka rawar taya mai nauyi ce, jijjiga ce da ake ji a sitiyari ko kujera, yawanci a gudun kilomita 80 zuwa 100, ita kuwa ta furofela zirr take yi a daɓen mota har madubi ya dushe. Rawar da ke zuwa lokacin tashi daga tsaye da lodi, sannan ta lafa in an miƙe, ita ce alamar lalacewar lanƙwasa, domin a lokacin ne hancin aksil ke ɗagawa sama. Ƙwas ɗin da ake ji in an sa giya ko an saki totur, kuros ne ya ci, ko haƙoran aksil sun yi sako-sako. Ƙiƙi-ƙiƙi a tafiyar hankali kuros ne ya bushe, ba giris. Kukan da ke tashi in an taka totur ya kwanta in an saki, daga cikin aksil yake. Gunjin da ke canja murya in an karya kwana dama ko hagu, wannan boris ɗin taya ne. Ɗalibin harshe zai lura cewa sunayen sassan duk na aro ne, amma bayanin ciwon da amsa-kama ake yin sa, direban da ya iya kwaikwayon kukan motarsa kuwa ya rage wa bakanike rabin aiki.

Sai bayan wannan ne za a shiga ƙarƙashi, an cire giya, an tokare tayoyi da duwatsu. A kama furofela a girgiza. Ko ƙanƙanen wasa a kuros bai halatta ba. Jan ƙura mai kama da tsatsa a bakinsa shaida ce ta bushewa. A duba robar boris na tsakiya, in furofelan mai kashi biyu ne. Daɗin daɗawa, a tabbata kunnuwan gaɓoɓin suna kan layi ɗaya, don sau da yawa yaron gareji kan zare furofela bai yi alama ba, ya mayar da shi a karkace. Busasshen taɓo a cikin wili, wanda ba a rasa shi da damina, shi kaɗai ya isa ya kawo jijjiga.

Canja kuros ba tare da gyara lanƙwasa ba asarar kuɗi ce, sabon ma bin tsohon zai yi. Maganin shi ne a cusa ɗan ƙarfe mai siffar bakin gatari tsakanin sifirin da aksil don a saita hancinsa, a sassauko da boris na tsakiya kaɗan, ko kuma a rage ganye ɗaya, abin da masu mota ba su son ji. Jinkiri kuwa yana da hatsari: in kuros na gaba ya tsinke ana gudu, furofela kan faɗo ya caki ƙasa ya wuntsila motar, alhali fasinjoji na zaune a bisa buhuna.