Yuriya Kaɗai Ba Ta Cika Rumbu

Daga Ƙanƙara zuwa Faskari da Sabuwa, manoman masara da yawa sun yarda cewa in an samu yuriya an gama da maganar taki, kamfa kuwa ƙarin kashe kuɗi ne. Ina girmama masu wannan ra'ayi. Mutumin da ya yi noma cikin fargabar 'yan bindiga, ya sayi buhu da ƙyar, dole ya so takin da zai ga aikinsa cikin mako guda. Kuma gaskiya ne naitirojin ne abin da ƙasarmu ta fi rasawa.

Sai dai yuriya naitirojin ce zalla, kashi 46 cikin 100. Babu fosfaras a cikinta, babu fotasiyam. Shi fotasiyam shi ke ƙarfafa kara, ya cika ƙwaya, ya taimaki shuka ta jure ƙishi in ruwa ya ɗauke. Masarar da ta rasa shi za ka ga gefen tsofaffin ganyenta ya ƙone, goyon bai cika ba, iska kaɗan ta kwantar da ita. Shi ya sa shawarar da cibiyar IAR ta Samaru ta daɗe tana bayarwa ga hekta ɗaya ta masara ita ce kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfaras, 60 na fotasiyam.

Abin da ya fi damuna shi ne kara. Yawancin fotasiyam ɗin da masara ta sha a kara yake zama, mu kuma mukan kwashe shi kaf, a yi danga, a ba dabbobi, a hura wuta. Shekara bayan shekara gona tana bayarwa, ba a mayar mata.

A Chile da Isra'ila masana'antu na haɗa fotasiyam naitiret, mai naitirojin kashi 13 da fotasiyam kashi 46, wanda ake narkawa a ruwan ban-ruwan tumatir. Yana da tsada, mai masara ba ya bukatarsa. Ko fotasiyam ɗin da ke cikin kamfa daga waje ake shigo da shi. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya tare hanya, sai daga Kanada Najeriya ta nemo.

Malam manomi, in buhu biyu kuɗinka ya kai, ɗaya ya zama kamfa, ka sa cikin mako biyu da shuka. Yuriya ta biyo a mako na biyar ko na shida, a binne ta. Tokar murhu da kashin dabbobi kuma a mayar da su gona.