Sabon Hannu a Sitiyari: Me Ya Sa Watannin Farko Suka Fi Haɗari?

Yau maganar tuƙi za mu yi, musamman mu matasa da muka fara riƙe sitiyari kwanan nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ne ke rasa ransu a hatsarin hanya duk shekara, kuma babu abin da ya fi shi kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Wato mu ke nan. A Amurka, idan aka kwatanta da nisan tafiyar da kowa ya yi, direba ɗan shekara 16 zuwa 19 ya ninka wanda ya haura 20 kusan sau uku wajen faɗawa hatsarin da ake rasa rai.

To me ke jawo haka? Abu biyu ne, kuma mutane kan cakuɗa su.

Na farko rashin gogewa. Iya sa giya da juya kan mota ba shi ne iya tuƙi ba. Tsohon direba idonsa na can nesa. Ya ga ƙwallo ta gangaro titi, ya san yaro na biye da ita, har ya ɗaga ƙafa daga totur. Ya ga Adaidaita Sahu ta rage gudu, ya san yanzu za ta yanke gefe ba sigina. Sabon hannu kuwa, idonsa na kan hancin motarsa, hankalinsa na kan kulochi da giya. Kafin ya ankara, abu ya riga ya zo gabansa. Wannan ya shafi kowa, ko ɗan shekara 40 ne ya fara koyo jiya. Shi ya sa watannin farko bayan mutum ya fara tuƙi shi kaɗai suka fi kowane lokaci haɗari.

Na biyu shekaru. Ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna sakamakon abu ya taka wa mutum burki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Ba zagi ba ne, halitta ce. Shi ya sa idan abokai suka cika mota suna "kai malam taka mana!", matashi yakan taka. Duk wanda ya taɓa ganin wasan mota a rakiyar amarya ya san abin da nake nufi.

Mu yi ɗan lissafi. Mota a gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Ka leƙa WhatsApp na daƙiƙa 3, ka yi tafiyar sama da mita 80 ido rufe. Sannan idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da burki ke buƙata kafin mota ta tsaya yakan ninka sau huɗu.

Wasu ƙasashe sun gane haka tuntuni. New Zealand ta fara ba da lasisi mataki-mataki a 1987: ka koya da mai kula da kai, sannan a taƙaita maka tuƙin dare da ɗaukar abokai, kafin a sakar maka cikakken lasisi. A Najeriya, doka ta ce sai ka kai shekara 18, ka bi ta makarantar koyon tuƙi da hukumar FRSC ta amince da ita. Amma mu faɗi gaskiya, nawa ne a cikinmu suka koya a filin ƙwallo da motar yaya, bayan sati biyu suka hau babban titi?

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, sa wa kanka dokar da ba a sa maka ba. A watanni shida na farko, rage tuƙin dare, kar ka cika mota da abokai, ajiye waya, ɗaura bel, kuma cikin gari kar ka wuce 50. Idan babur ne, hular kwano dole. Iyaye da yayye kuma, kafin ku miƙa makulli, ku zauna a gefen yaron ku ga yadda yake tuƙi a cunkoso da cikin ruwan sama.

Ku faɗa mana, wa ya koya muku tuƙi, kuma kwana nawa kuka yi kafin ku hau titi ku kaɗai? Allah ya tsare mu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.