AMSAR WASIƘUNKU: Ko Magani Na Iya Kumbura Jijiyoyin Jini?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomin albasa a Wurno. Ya ce ƙanensa ya sayi haɗin ƙwayoyin tari a kasuwa ya sha na kwana biyar. Bayan kwana goma sai ga baƙaƙen ɗige-ɗige a ƙwaurinsa, gaɓoɓi na ciwo, yanzu kuma fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi. Wasu sun ce sammu ya taka. Shi ne yake tambaya, wai magani na iya yin haka bayan an gama shansa?

To Malam, yana iyawa. Sai likita ya duba ƙanen naka za a tabbatar, amma alamun nan sun yi kama da kumburin ƙananan jijiyoyin jini, wanda likitoci ke kira baskulaitis.

Ga yadda abin yake. Allah Ya sa wa jikin ɗan Adam sojoji a cikin jini masu yaƙar cuta. A jikin wasu mutane, ba kowa ba, sai magani ya manne da wani sinadari na jini, sojojin nan su ɗauka baƙo ne ya shigo. Su yi masa taron dangi, su dunƙule da shi, dunƙulen ya je ya maƙale a bangon jijiya. Fararen ƙwayoyin jini su iso su buɗe wuta a wurin, bangon ya kumbura ya huje. Kamar 'yan banga ne su biyo ɓarawo, garin kama shi su rushe dangar mai gida. Jinin da ya tsiyaye ƙarƙashin fata shi ne ɗige-ɗigen da ka gani, kuma ya fi fitowa a ƙafa don nan jini ya fi taruwa. Jinkirin da ya ɗaure maka kai kuwa, jiki kan ɗauki kwana 7 zuwa 10 kafin ya gama haɗa waɗannan makamai. Shi ya sa ba a zargin maganin, an ma manta da shi.

Magungunan da aka fi sani da wannan sun haɗa da dangin fenisilin, da masu salfa irin su Septrin da Fansidar, da na ciwon jiki kamar ibuprofen da diclofenac, da allopurinol na ciwon gaɓoɓi, da phenytoin na farfaɗiya. Akwai kuma waɗanda sai an yi watanni ko shekaru ana sha: propylthiouracil na wani nau'in maƙoƙo, hydralazine na hawan jini, da minocycline na ƙurajen fuska. Su waɗannan sun fi taɓa ƙoda da huhu, kuma ana gano su da wani gwajin jini mai suna ANCA, wanda likitocin Ostareliya suka fara bayaninsa a 1982. Kada wannan ya firgita kowa. Dubban mutane na shan su lafiya lau.

Makiyaya da masu shiga kara, ku kasa kunne. Levamisole da ake ba dabbobi don tsutsar ciki shi ma yana cikinsu. A 2009 hukumomin Amurka sun same shi cikin wajen kashi 70 bisa 100 na hodar iblis da suka kama, kuma an ga masu shaƙarta da kunnuwa sun yi baƙi, fata ta mutu. Saboda haka maganin tumaki a bar wa tumaki.

Yaya za ka bambance? Borin jini kan yi ƙaiƙayi, ya taso ya kwanta cikin yini guda. Wannan kuwa ba ya gushewa, kuma a baƙar fata hannu ya fi ido gane shi, don za ka ji shi tudu-tudu. Danna kofin gilashi a kai. In bai dushe ba, jini ne ya fita daga jijiya. Amma fa a kula. Irin wannan tabo tare da zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, musamman da bazara, sanƙarau ake tsoro. Ba mu manta da annobar 1996 ba, wadda ta kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan. Wannan ba a kwana da shi a gida.

Maganar fitsarin nan ita ta fi damuna. Mutanen bakin gulbin Rima da madatsar Goronyo sun saba da tsargiya, har ba a ɗaukar jini a fitsari bakin komai. Jinin tsargiya ja ne, yakan zo a ƙarshen fitsari. In kuwa fitsarin duka ya rine, yana kumfa, fuska da ƙafa suka kumbura, to ƙoda ake zargi, kuma ƙoda kan lalace ba tare da ta yi ciwo ba. Ka kawo shi Sakkwato, Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a auna fitsari da jini. Kada a jira ranar kasuwa.

In a fata kaɗai ya tsaya, da an bar maganin yakan warke cikin 'yan makonni. In ya taɓa ƙoda ko huhu, likita kan ba da prednisolone ko abin da ya fi shi ƙarfi. Kada ka saya da kanka a kemis, yana ta da hawan jini da ciwon sukari. Mai shan maganin hawan jini ko farfaɗiya kuma kada ya yanke shi kai tsaye, ya je a ranar a sauya masa.

Inda gizo ke saƙar shi ne haɗin nan. Ƙwaya huɗu ko biyar a ƙulle a leda, ba suna, ba kwali, ba lambar NAFDAC. Likita zai tambaye ka me ya sha, ka ce ja da fari da ruwan ɗorawa. To wanne zai hana shi? Ka koma wurin mai maganin ya rubuta maka sunan kowace ƙwaya, ka haɗa da ragowar da ranar da aka fara sha, har da na gargajiya in ya sha. In an gano mai laifin, a rubuta sunansa a takarda ƙanenka ya riƙa yawo da ita, ya nuna wa duk wanda zai ba shi magani ko allura, domin karo na biyu ya fi zuwa da sauri, sau da yawa kuma ya fi tsanani.