Damagaram: doka na takarda, mata na layin famfo

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mata da ƴan mata a unguwanni irin su Garin Malam kan jera jarkoki a bakin famfo tun kafin kiran asuba. Wadda ba ta samu ba sai ta saya wurin ƴan garuwa da kuɗin cefane.

Birnin na zaune bisa dutse, shi ya sa ake janyo ruwansa daga nesa, daga Gogo-Machaya, Arunguza da Ganaram. Sauyin yanayi ya ƙara dagula lamarin: damina ta daina tabbas, in kuma ta zo sai da ambaliya, kamar ta 2024 da ta rusa tsohon masallacin Birni.

Nijar na da dokar ruwa tun 2010, a 2019 kuma ta ɗaga kason mata a muƙaman zaɓe zuwa 25 cikin 100. Sai dai kason bai rage tsawon layin ba. Awannin da ɗiban ruwa ke ci, daga lokacin sana'ar uwa da karatun ɗiyarta ake cire su.