Zango Ba Sarki: Zaman Yau da Kullum na Fataken Hausawa a Birnin Guangzhou

1.0 Gabatarwa

A da, idan Bahaushe ya ambaci birnin Sin, ƙarshen duniya yake nufi, wato wurin da ba a sa ran ƙafa za ta taka. A yau kuwa akwai 'yan kasuwa a Kantin Kwari ta Kano da kasuwannin Maraɗi da Damagaram waɗanda suka san unguwannin Guangzhou kamar yadda kakanninsu suka san Salaga da Kumasi. Har ma harshen ya raba wa ƙasar suna biyu: Sin, wanda aka aro daga Larabci ya zauna a bakin malamai da gidajen rediyo, da kuma Caina, wanda aka aro daga Ingilishi ya mallaki kasuwa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda baƙon Bahaushe yake tafiyar da rayuwarsa ta kullum a wannan birni, da wuraren da yake fita, domin a ga abin da ya saura na tsohon tsarin zango da kuma abin da ya ɓace.

2.0 Birnin da Baƙinsa

Guangzhou, wanda Turawa suka daɗe suna kira Kanton, shi ne babban birnin lardin Guangdong a kudancin Sin, a bakin Kogin Lu'ulu'u. Ƙidayar 2020 ta nuna yana da mutane sama da miliyan 18. Tsohuwar tashar ciniki ce da Larabawa da Farisawa suka sani tun zamanin daular Tang, kuma tun 1957 ake yin babban baje-kolin Kanton a cikinsa sau biyu a shekara. 'Yan Afirka sun fara taruwa a nan da yawa bayan rikicin kuɗi da ya girgiza Bankok da Jakarta a 1997, suka ƙaru sosai bayan da Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001.

Baƙin sun fi taruwa a wurare biyu. Akwai Sanyuanli, inda 'yan kabilar Ibo suka fi yawa, akwai kuma Xiaobei, inda Musulmin Afirka ta Yamma, irin su mutanen Mali da Gini da Senigal da Nijar, suka haɗu da Larabawa da Musulmin Sin. Nan ne Bahaushe ya fi karkata, saboda sauƙin abinci da kusancin masallaci. Ana iya kasa Hausawan kashi uku: 'yan sari masu zuwa su yi mako biyu ko uku su koma, da mazauna masu harkar dillanci da tura kaya, sai kuma ɗalibai, waɗanda da yawansu sukan haɗa karatu da tafinta.

3.0 Zango da Abin da Ya Rasa

A tsarin fatauci na gargajiya, baƙo yana sauka wurin fatoma ko maigida, wanda zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Abner Cohen ya yi bayanin wannan tsari a littafinsa na 1969 a kan unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916. Kusan duk waɗannan ayyuka suna nan a Guangzhou, sai dai sun koma hannun mai ofishin kargo. Shi ne yake tarbar baƙo a filin jirgi, ya kama masa otal, ya raka shi kasuwar yadi ta Zhongda, ko garin Foshan wurin tayil da kayan ɗaki, ko Shenzhen wurin wayoyi, sa'an nan ya tattara kayan a sito ya loda kwantena. La'adarsa ita ce ake kira kamasho, jarinsa kuwa amana, domin kuɗi masu yawa sukan wuce ta hannunsa bisa kalmar baki kawai.

Abin lura a nan shi ne, zangon Ibadan da na Kumasi suna da fili da sarki wanda hukuma ta sani, ana haihuwa a cikinsu, a yi aure, a gaji gida. Na Guangzhou ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Akwai shugabannin al'umma da ake zaɓa bisa ƙasar da aka fito, suna sasanta rikici suna tara gudummawa ga wanda ya shiga wahala, amma ba su da ikon tsawaita zaman kowa ko da na kwana ɗaya. Biza ce take mulki. Dole baƙon da ya sauka a gidan haya ya yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24. A ƙarƙashin dokar shige da fice da ta fara aiki a 2013, wanda ya wuce wa'adinsa ana iya cin sa tarar yuan 500 a kowace rana har zuwa yuan 10,000, ko a tsare shi kwana 5 zuwa 15. Saboda haka fasfo ba ya rabuwa da aljihu, kuma mutumin da ya shekara goma a birnin yana iya kasancewa har yanzu lissafin watanni yake yi. Karin maganar nan da ke cewa baƙo raɓa ne ta zama doka a rubuce.

Raunin wannan zama ya fito fili sau da dama. A 2014 hukuma ta yi wa unguwar Dengfeng da ke Xiaobei gyaran fuska, ta kawar da masu talla a bakin titi, ta ƙara yawan jami'an tsaro. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, an fitar da 'yan Afirka da yawa daga gidajen haya da otal-otal, wasu suka kwana a titi, har Kakakin Majalisar Wakilai ta Nijeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya gana da jakadan Sin a Abuja a kan lamarin. Alƙaluman hukumar birnin sun nuna 'yan Afirka kimanin 16,000 a 2014, amma a Afrilun 2020 saura 4,553.

4.0 Lokaci, Harshe da Abinci

Sin tana gaban Nijeriya da Nijar da awa bakwai. Lokacin da ake buɗe shaguna a Kano da ƙarfe tara na safe, a Guangzhou ƙarfe huɗu ne na yamma. Wannan ya sa mazaunin birnin yake rayuwa da agogo biyu: da rana yana bin kasuwannin Sinawa, daga la'asar har tsakar dare kuma yana kan waya da masu kaya a gida, yana tura hotuna yana karɓar saƙo. Shi ya sa Xiaobei take cika da dare, safiya kuma ta zama lokacin barci bayan sallar asuba. Kalandar ma biyu ce. Azumi da Salla a gida su ne suke tsara lokacin da ake sarin yadi da takalma, ita kuma sabuwar shekarar Sinawa, wadda take faɗowa a Janairu ko Fabrairu, takan rufe masana'antu na makonni, birni ya yi tsit.

Ta fuskar harshe, mutanen gari suna magana da Kantonanci da kuma daidaitaccen Sinanci, baƙin kuwa sun zo da Hausa da Faransanci da Ingilishi da Larabci. Masanin harshe Adams Bodomo, ɗan ƙasar Gana, ya nuna a littafinsa na 2012 yadda ake ƙulla ciniki da na'urar lissafi: mai kaya ya buga farashi, mai saye ya goge ya buga nasa tayin, har a daidaita. Taya da albarka duka sun koma kan maɓalli. A hankali baƙo yakan tsinci 'yan kalmomi, irin su laoban, wato maigida, da pengyou, wato aboki, da duoshao, wato nawa, da meiyou, wato babu. Duk kalmomin ciniki ne, kuma wannan ya nuna iyakar cuɗanyar da ke tsakanin ɓangarorin biyu. Hatta hanyar sadarwa ta rabu, domin an toshe Facebook da WhatsApp a Sin, sai manhajar WeChat, wadda da ita ake magana da Sinawa, da ita kuma ake biyan kuɗin shayi da na mota.

Abinci shi ne jarrabawar farko, tun da naman alade ya mamaye girkin Kantonawa. Baƙo yakan koyi gane haruffa biyu na Sinanci da ake karantawa qingzhen, ma'ana halal, tun kafin ya iya gaisuwa. Su ne suke kai shi shagunan taliyar hannu da Musulmin arewa maso yammacin Sin suke gudanarwa, da wurin masu gashi 'yan ƙabilar Uigur, waɗanda namansu na tsinke yake tuna masa tsire. Tuwo da miya kuwa a gidajen sama ake samun su, inda wasu suke girki a ɗakunan haya ba tare da allo a ƙofa ba. Kuka da daddawa da yaji da matafiyi ya ƙullo daga gida sukan zama tsarabar da ta fi kowace daraja.

5.0 Wuraren Fita

Juma'a ranar aiki ce a Sin, amma ita ce babbar ranar fita ga baƙon Musulmi. Mafi yawan jama'a sukan nufi masallacin Xianxian, wanda yake cikin tsohuwar maƙabartar Musulmi. A nan ne kabarin da Musulmin Sin suke dangantawa da Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yake, ko da yake malaman tarihin Musulunci sun tafi a kan cewa a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Bayan an idar da salla ake gaisawa, a ji labarin wanda ya iso da wanda ya koma, a ba da saƙo, a nemi bashi. Aikin da dandalin ƙofar sarkin zango yake yi, harabar masallaci ce take yin sa a nan, amma na awa biyu kacal a mako. Sabon zuwa kuma akan kai shi ziyara masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a Sin, ya ga hasumiyarsa mai tsawon mita 36.

Sauran fita takan biyo bayan baƙo ne. Mazauni bai cika zuwa yawon buɗe ido don kansa ba, sai in ya yi baƙo mai nauyi. A lokacin ne ake shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a je Hasumiyar Kanton, wadda aka buɗe a 2010 mai tsawon kimanin mita 600, ko a hau jirgin ruwa a zagaya Kogin Lu'ulu'u da dare, ko a haura dutsen Baiyun, ko a shiga lambun Yuexiu da ke kusa da Xiaobei, inda mutum-mutumin awaki biyar, alamar birnin, yake. Wannan rakiya wani ɓangare ne na haƙƙin baƙunta, hoton da aka ɗauka kuma shaida ce da ake kai wa gida. Fitar tana da nata nauyi, domin baƙar fata ba ta ɓuya a cikin taro: akwai kallo, akwai masu neman ɗaukar hoto, akwai kuma yiwuwar a tsayar da mutum a nemi takardunsa.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa Bahaushe ya kai ayyukan zango Guangzhou, wato masauki da dillanci da amana da jam'in salla, amma bai sami kafa zangon kansa ba. Sakamakon wannan ya fi bayyana a kan harshe. A Kumasi da Ibadan Hausa ta yi saiwa saboda an haifi 'ya'ya a unguwar da ake jin ta dare da rana. A Guangzhou yawancin iyalai suna gida, 'ya'yan da aka haifa da matan Sinawa kuwa da Sinanci suke tashi, kuma dokar ƙasar ba ta yarda mutum ya riƙe takardar zama ɗan ƙasa biyu ba. Hausar birnin ta manya ce, maza 'yan kasuwa, tana shiga da biza tana fita da ita. Saboda haka aikin tattara kalmominta da salon cinikinta yana jiran masu nazari, kuma ana iya fara shi tun daga rumfunan Kantin Kwari, inda da yawa daga cikin waɗanda suka yi zaman suka dawo.